Mangwaron gidana zare ne zalla: in sare shi, ko ana iya yi masa aure?

Magidanci daga Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin itatuwa da aikin lambu a cikinku. A tsakar gidan da na saya akwai bishiyar mangwaro wadda mai gidan na farko ya shuka, kuma maƙwabta sun shaida mini cewa ƙwallon wani babban mangwaro mai zaƙi ne da ya sayo a 'Yan Lemo ya binne da hannunsa. Bishiyar ta wuce tsayin rufin ɗaki, tana da lafiya, kowace shekara tana yin fure da hunturu, amma 'ya'yanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka, zare kuma ya cika su har babu mai sha sai yara. Na ɗauka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to me ya sa wannan bai biyo uwarsa ba? Shin in sare shi in sayo mai aure in dasa, ko kuwa bishiyar da ta riga ta girma haka ana iya yi mata aure, wato a ɗora mata reshen wani iri mai kyau?

Bayan wannan, ina son in sami lemun tsami da gwaiba irin na gidan wani amininmu, ban san ko ƙwaya zan karɓa ba. Uwargida kuma tana kukan na'a-na'arta, wadda ke yin kyau da hunturu amma ta ƙone ƙurmus da zarar bazara ta kama. Ba mu da rijiyar burtsatse, ruwan 'yan garuwa muke saye, saboda haka a taimaka a ba mu shawarar da ta dace da mai ƙididdige jarka.

Tsohon malamin gona, Gandun Albasa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Malam, kada ka ɗora wa bishiyar nan gatari. Abin da ya fi daraja a jikinta shi ne saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa har ta daina dogara da ban-ruwa, kuma a garin da damina ba ta cika wuce Yuni zuwa Satumba ba, ga shi kana sayen ruwa, wannan saiwa ba abin yarwa ba ce. Kan bishiyar ne bai yi maka ba, shi kuwa kai ana iya sauya shi.

Dalilin da ya hana ta biyo uwarta yana cikin ƙwallon. Idan ka fasa ɓawon nan mai tauri ka duba ƙwayar da ke ciki, iri biyu za ka tarar. Akwai wadda take dunƙule, ɓari biyu kawai, kuma tsiro ɗaya take fitarwa. Wannan tsiro ya haɗa gado biyu ne, na bishiyar da ta haifi ɗan da na wadda ƙudaje suka ɗauko garin furenta, don haka babu wanda zai iya faɗa maka abin da zai haifa sai ya haifa, bayan an yi shekara 5 zuwa 8 ana jira. Yawancin manyan mangwaro masu tsoka, irin su Juli da Kent da Alfonso, a wannan rukuni suke. Akwai kuma ƙwayar da take a rarrabe gida-gida, wadda ke fitar da tsiro uku ko huɗu daga ƙwallo guda, kuma akasarinsu kwafin uwar ne sak. Ƙaramin mangwaronmu na gargajiya haka yake, shi ya sa duk inda aka jefar da ƙwallonsa irinsa yake fitowa, shi ya sa kuma masu raino suka fi son sa a matsayin gindin da za a ɗora wa aure.

Ga yadda ake sauya kan babbar bishiya. Ka bari ta gama ba da 'ya'yan bana, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni lokacin da ruwa ya fara sauka, sannan a sa zarto, ba adda ba, a yanke manyan rassan a kusa da inda suka rabu da gindi, a tsayin da hannunka zai kai kana tsaye a ƙasa. A karkata yankan domin kada ruwa ya kwanta a kai, kuma a bar reshe ɗaya da ganyensa ya ci gaba da ciyar da saiwa. Daga nan a shafe gindin da kututturan da farar ƙasa, domin ɓawon da ya saba da inuwa yana tsagewa idan ranar Kano ta buge shi kai tsaye, gara kuma ta wurin tsagar take shiga. Cikin makonni kaɗan kowane kututture zai cika da toho. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowanne, ka murje sauran da yatsa. Idan sun kai kaurin fensir, ganyensu ya tashi daga jaja-jaja ya koma kore sosai, to sun isa aure, kuma hakan yakan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ruwa ya yi sauƙi amma iska ba ta bushe ba. Wannan shi ne lokacin da na fi amincewa da shi. Mamakon Agusta yana ruɓar da ɗauri, iskar hunturu kuwa tana busar da reshen kafin ya kama.

Reshen da za ka ɗora, ka samo shi daga bishiyar da ka sha 'ya'yanta da bakinka, ba wadda aka ba ka labari ba. Kan reshe ake ɗauka, tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda idon da ke ƙarshensa ya kumbura amma bai buɗe ba. Kamar mako guda kafin ranar, ka je ka yanke ganyensa ka bar 'yan sandunan ganyen a jiki. Ranar da ka taɓa sandunan suka zube da kansu, reshen ya shirya, sai ka yanko shi da sassafe, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka yi aikin a ranar. Ka datse kan tohon bishiyarka, ka tsaga shi a tsakiya zurfin santimita 3 ko 4 da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi da tsabta. Ka fiƙe gindin baƙon reshen ta ɓangare biyu, kowane ɓangare da shafa ɗaya, kada ka taɓa wurin da yatsa, sannan ka cusa shi cikin tsagar. Duk aikin a wuri ɗaya ya rataya: koren nan mai santsi da ke ƙarƙashin ɓawo dole ne na sama ya dace da na ƙasa, ko da ta gefe guda ne idan kaurinsu bai zo daidai ba. Ka ɗaure da zirin leda daga ƙasa zuwa sama, tamau, ka kifa masa siririyar ledar ƙanƙara domin ta riƙe laima. Tsakanin mako 2 zuwa 4, wanda ya kama zai tsago ganye, sai a cire ledar sama, amma ɗaurin a bar shi sai an ga ya fara cin jikin reshen. Wanda ya yi baƙi ya mutu, a datse ƙasa da shi a sake.

Bishiyar da aka yi wa haka takan koma haihuwa cikin shekara 2 zuwa 3, kuma babu abin da zai hana ka ɗora iri biyu ko uku a kanta, wani mai nuna da wuri, wani mai jinkiri.

Mai rainon dashe, Hotoro

Baba malamin gona ya yi bayanin da ba ni da abin gyarawa a cikinsa ta fuskar aiki, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai, da izininsa, ina da ja a kan shawarar kanta, kuma kada a ce don sana'ata sayar da dashe ce. Abin da nake gani a gidajen mutane shi ne, aure yakan kama, amma a rasa mai bibiya. Tsohuwar bishiya ba ta daina fitar da tohonta na asali, kuma nata ya fi baƙon ƙarfi, saboda haka idan maigida ya shagala wata biyu bai murje su ba, sai su shanye abincin su rufe auren, bayan shekaru a koma shan zaren da aka gudu. Wanda ya san ba zai iya leƙa bishiya kowane mako ba, gara ya dasa sabuwa. Sannan mai tambayar bai faɗa mana nisan bishiyar daga katanga da masai ba, kuma wannan ma yana cikin hukuncin.

Idan za ka sayi mai aure, Alhaji, kada ka dubi ganye ko tsayi, ka tsuguna ka dubi kara. Kamar tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu daga ƙasar leda za ka ga tabon haɗi, wurin ya ɗan kumbura ko ya karkace, kuma sau da yawa launin ɓawon sama ya bambanta da na ƙasa. Karan da ya miƙe sumul daga ƙasa har sama ɗan ƙwallo ne, ko da an ɗaura masa leda, kuma akwai masu ɗaurawa. Ka ɗaga ledar ka duba gindinta, domin wanda saiwarsa ta huda ta shiga ƙasa aka fizgo shi yana wahalar kamawa. Ka haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, ka gauraya ƙasar sama da kashin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe, ka yage ledar gaba ɗaya ba tare da ka fasa ƙasar ba, kuma tabon haɗin ya zauna a sarari, kada ƙasa ta rufe shi. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli ake dasawa, damina ta yi maka rainon wata uku kyauta. Furen da zai yi a shekarar farko da ta biyu a tsinke shi, ko da rai ba ya so, domin ƙaramar bishiyar da aka bari ta ɗauki 'ya'ya tsumburewa take yi.

Game da lemun tsami da gwaibar amininku, kada ka karɓi ƙwaya. Ƙwayar lemun tsami takan biyo uwa, amma tana jinkiri kuma tana yawan ƙaya, ita kuwa gwaiba ba ta da tabbas. Ka roƙi izini ka yi ɗaurin reshe a kan bishiyar tasa da damina. Ka zaɓi reshe mai kaurin yatsa, ka zagaye shi da wuƙa sau biyu, tsakaninsu santimita 2 ko 3, ka ɓare ɓawon da ke tsakani ka kankare santsin sosai, in ba haka ba ciwon zai warke ba tare da saiwa ta fito ba. Ka dunƙula jiƙaƙƙen garin katako da ya kwana biyu haɗe da ƙasa mai taushi, ka rufe wurin, ka naɗe da farar leda ka ɗaure sama da ƙasa. Bayan mako 6 zuwa 8 za ka hango fararen saiwoyi ta cikin ledar, kuma idan sun fara yin ruwan ƙasa sai ka yanke reshen ta ƙasan ɗaurin, ka rage ganyensa, ka raine shi a inuwa kafin ka kai shi rami. Lemu kowane iri ba ya son ruwa ya kwanta a jikin karansa, shi ne ke jawo ƙaron nan da ke tsattsafowa daga gindi har bishiya ta bushe, don haka a yi masa kwarin ban-ruwa a zagaye, nesa kaɗan da kara. Rumman ya fi duka sauƙi, sanda kawai ake yankowa a kafa.

Uwargida daga Gwammaja

Assalamu alaikum. Tun da maza sun tsaya a kan bishiya, bari in amsa wa 'yar'uwata batun na'a-na'a. Ba ƙarancin ruwa kaɗai ke kashe ta ba, zafin da ke dafa saiwarta ne. A Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke kaiwa maki 40, bokitin roba ko gwangwanin da aka ajiye a kan siminti yakan yi zafin da hannu ba ya iya jimrewa, kuma saiwar na'a-na'a a sama-sama take. Ki nemi baho mai faɗi ko fasasshiyar randa, a huda gindin, a ɗora a kan bulo, a ajiye a inda ranar safe kawai ke samu, kamar jikin katangar da ke kare ranar yamma. Ki rufe fuskar ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, ki ba ta ruwa da asuba da kuma bayan la'asar. Idan ma ta ƙone ta sama, kada ki zubar, ki aske ta ƙasa-ƙasa ki ci gaba da ba ta ruwa, domin jijiyoyin da ke yaɗo a cikin ƙasa sukan sake tohowa. Iri kuma ba sai an nema da nisa ba: daga ɗaurin da aka sayo a 'Yankaba ko Rimi ki zaɓi kara masu ƙwari, ki zage ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa, cikin mako guda za ki ga saiwa. Ɗoɗɗoya ma haka take kamawa, sai dai ita a riƙa tsinke kanta kafin ta yi fure, in ba haka ba ganyen zai ƙanƙance.

A kan ruwa, ni da na alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganye nake riƙe lambuna, ana tarawa a bokiti ɗaya. Wanda ya taɓa omo ko gishiri ba ya zuwa wurin shuka. Ƙasar bola da wasu ke ɗebowa tana da ƙarfi, amma ta yanzu cike take da leda da kwalba da tsofaffin batura, ba na sa ta a abin da za a ci ɗanye.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne bin lokaci. Tumatir da latas da karas da kabeji da tafarnuwa 'yan sanyi ne, shi ya sa manoman Kadawa da Kura masu shan ruwan Tiga suke noma su da rani, kuma tumatirin da ya shiga bazara furensa zubewa yake yi komai takin da aka ba shi. Saboda haka a yi rainon irinsa a Oktoba. Da zafi da damina kuwa a koma ga alayyahu da rama da yakuwa da kuɓewa da lalo, waɗanda buhun siminti da aka wanke ya ishe su. Ƙwayar manyan tumatirin nan na kamfani ba ta biyo uwa, matsalarta ɗaya da ta mangwaron maigidanki. Citta tana son ruwa da inuwa na wata 8 ko fiye, shi ya sa gidanta yake Kachiya da Kafanchan, amma tana yi a buhu a ƙarƙashin bishiya idan an shuka ta da farkon damina.

Wannan ne ma ya sa nake roƙon Malam ya yi shawara da iyalinsa kafin a kawo zarto. Inuwar mangwaron nan ita ce wurin girki da wanki da zaman yara, kuma ita ce mafakar na'a-na'ar da ake kuka a kanta. Maza suna fita da safe, mu ne muke wuni a tsakar gida.

Magidanci daga Rijiyar Zaki

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, saƙonki ya isa, kuma an goyi bayanki a cikin gida tun kafin in gama karantawa. Na auna, tsakanin bishiyar da katanga mita 4 ne, masai kuma yana can ɗaya kusurwar, kuma ban ga tsaga a gini ba. Manyan rassanta huɗu ne. Baba, shin ana iya yin aikin rabi da rabi domin kada a rasa inuwa gaba ɗaya? Kuma a ina zan sami reshen da zan amince da shi, tun da ban san mai gonar mangwaro ba?

Tsohon malamin gona, Gandun Albasa

Ana iyawa, kuma a gidan da ake zaune ma hakan ya fi. Ka yanke rassa biyu bana, ka bar biyu sai baɗi ko shekarar da ke biye, lokacin da auren farko ya yi ganyen da zai karɓi aikin inuwa. Ka fara da na ɓangaren gabas, ka bar na yamma su tare ranar la'asar, amma ka rage duk wani ƙaramin reshe da ya yi rumfa a kan kututturan, domin toho ba ya ƙarfi a duhu. Mita 4 ba ta kai yadda ake so ba, tun da a gona mita 8 zuwa 10 ake bari tsakanin bishiya da bishiya, sai dai rage kan da za ka yi zai taimaka, kuma daga yanzu kai ne za ka riƙa tsayar mata da tsayi ta hanyar datse kan rassa bayan kowace haihuwa.

Gargaɗin ɗana mai dashe gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne ka shafa ɗan fenti a ƙasan kowane haɗi, ta yadda ko yaro ya san duk tohon da ya fito ƙasa da fentin na murjewa ne. Batun reshe kuwa, ka fara da unguwarku: da bazara ka lura da gidan da mangwaronsa ya yi suna, ka nemi a ba ka ɗaya ka sha, ka riƙe bishiyar a ranka har Satumba. Idan kana son iri mai suna tabbatacce, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda, kuma malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, da ke kan titin Haɗeja za su iya nuna maka masu gonar da ake yarda da su. Kafin Satumba, ka binne ƙwallayen bishiyar taka guda goma a leda, ka ɓare ɓawon tukuna kuma kada su wuce mako guda da sha, domin ƙwallon mangwaro ba ya ajiyuwa. Idan sun kai kaurin fensir za ka sami abin ɗora sauran rassan da ka samo, har ka ba maƙwabta. Hannu kuwa ka fara koya masa fiƙa da ɗauri tun yanzu a kan ƙananan rassan ɓangaren da za a yanke, tun da su ko sun lalace babu asara.